Karatu a ƙetare: ba a cinikin biri a sama

Kowace shekara, da zarar an kafe sakamakon jarrabawar bakaloreya, guɗar murna ba ta gama kwantawa sai wata magana ta taso a gidaje da yawa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai: ina yaro zai nufa? A zaurukan alhazai da majalisun ma'aikata ana jero sunayen ƙasashe kamar ana jero kasuwanni. Wannan ya ce Maroko, wancan ya ce Turkiyya, wani ya ce ai Kwatano ta fi kusa, wani kuma ya rantse ɗansa ba zai yi karatun likita ba sai a Alƙahira. Kafin hatsi ya nuna a gona an sayar da fili ko an kwashi adashi, an yi fasfo, an ɗinka kaya, an raka yaro tasha ko filin jirgi da addu'a.

Al'adar ba sabuwa ba ce. Sai a 1971 aka aza harsashin jami'ar Yamai, saboda haka manyan masanan ƙasar nan na farko duk a waje suka sha ruwan ilimi. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar take ɗauke da sunansa, ya bi ta Senegal ya wuce Faris kafin ya komo ya duƙufa kan binciken hasken rana. Dan Dicko Dankoulodo, wanda aka raɗa wa jami'ar Maraɗi sunansa, shi ma a Faransa ya yi zurfin karatunsa. Yau kowace jiha daga cikin takwas tana da jami'ar gwamnati, ga ta Musulunci a Say, ga masu zaman kansu birjik. Duk da haka ana fita, domin cunkoso ya yi yawa, shekarun karatu sukan hau kan juna, wasu fannonin kuma har yanzu sai an ƙetare iyaka ake samun su.

Tafiya mabuɗin ilimi ce, babu mai musu. Sai dai idan aka dubi waɗanda suka komo hannu rabbana, da wuya a ce ƙwaƙwalwa ce ta gaza. Yaron da ya ci bakaloreya a ajin ɗalibai tamanin, da fitilar hannu, ba ya rasa basira. Abin da yakan kada shi abu ne da aka yi wa riƙon sakainar kashi tun a gida: makarantar da ba a bincika ba, lissafin da aka yi da fatan alheri a maimakon alƙalami, da takardar da aka bari ta mutu a aljihu.

Makaranta da darajar takardarta

Abin mamaki ne a ga ɗan kasuwar da ba ya sayen dila ɗaya ta atamfa sai ya kwance ya taɓa, amma ya zuba miliyoyi a makarantar da bai san ta ba sai a hoton da dillali ya nuna masa a waya. Dillalan karatu sun yawaita, kuma mafi yawansu makarantar ce take biyan su la'ada a kan kowane kai da suka kawo. Wanda abincinsa ya dogara ga tafiyar yaro ba shi ne zai faɗi aibin wurin ba.

Tambaya ta farko ba kyan gini ba ce. Ita ce: idan yaro ya komo da wannan digiri, wa zai karɓe shi? Ma'aikatan gwamnati sun fi kowa sanin nauyin wannan tambaya, domin sun san takarda ce take ajiye mutum a matakin A1 ko A2, kuma digirin waje ba ya shiga fayil sai ma'aikatar ilimi mai zurfi ta daidaita shi da na gida, abin da aka sani da ekibalans. A ƙasashe masu amfani da Faransanci akwai ma'auni sananne, wato hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Tana fitar da jerin digirorin da ta amince da su, kuma kowa yana iya dubawa ta intanet. A nan akwai wani tarko da ya kamata a sani. CAMES digiri take tantancewa ɗaya bayan ɗaya, ba makaranta gaba ɗaya ba, kuma amincewar ta ɗan lokaci ce, ana sabunta ta. Makaranta tana iya samun amincewa a kan lisans na lissafin kuɗi, ta manna tambarin hukumar a ƙofa da kan dukan takardun tallarta, alhali fannin da yaro zai shiga ba a taɓa duba shi ba. Don haka sunan fannin ake nema a cikin jerin, da matakinsa, ba sunan makarantar kaɗai ba.

Wanda yake ganin wannan tsanani ne ya tuna abin da ya faru a maƙwabta. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Najeriya ya fallasa yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, ba tare da ya zauna a aji ba. A farkon Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo. Hukuncin bai tsaya kan masu sayen takarda ba; ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gumi a makarantu na ƙwarai. Benin da Togo suna da jami'o'i masu mutunci, amma gurɓataccen wake ɗaya yakan ɓata miya.

Haka nan a yi hattara da kalmar “Turai” a bakin dillali. Arewacin tsibirin Kubrus, alal misali, cike yake da jami'o'i masu neman ɗaliban Afirka, amma Turkiyya kaɗai ce ta amince da yankin a matsayin ƙasa, kuma takardar zama a can ba ta buɗe wa kowa ƙofar Tarayyar Turai. Yara da yawa sun isa da alkawarin aiki da rangwamen kuɗin makaranta, suka tarar da tsadar haya da rashin abin yi.

Ga masu neman aikin likita, haɗa magani, lauya ko zanen gine-gine, binciken ya ninka, tun da waɗannan sana'o'i suna da ƙungiyoyin da doka ta ba ikon rajistar mai aiki. Gara a je a tambaye su kafin tafiya da a komo bayan shekara bakwai ana roƙo.

Sai batun harshe, wanda akan manta da shi a lissafin shekaru. A Turkiyya, Rasha da Sin, mai karatu da harshen ƙasa yakan share shekara guda yana koyon harshen kafin ya shiga aji na ɗaya. A Zariya, Kano, Sakkwato ko Akara, Hausa za ta sayo wa yaro abinci a kasuwa, amma da Ingilishi ake rubuta jarrabawa. Ko a Aljeriya, inda aka saba da Faransanci a fannonin kimiyya, hukumomi sun soma karkata koyarwar jami'a zuwa Ingilishi a ƴan shekarun nan. Lisans na shekara uku yakan zama huɗu tun kafin a yi maganar faɗuwa.

Game da tallafin karatu kuwa, ƙa'idar gajera ce. Na gwamnati ta hannun hukumar ANAB da ma'aikatar ilimi mai zurfi yake bi, na ƙasashe abokan hulɗa kuma ana sanar da shi a fili. Shirin tallafi na gwamnatin Turkiyya, misali, a watannin Janairu da Fabrairu ake cike shi ta intanet, kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi jaka ɗari biyar ya “samo gurbi”, ko dai yana sayar da abin da ba nasa ba, ko abin da babu shi.

Lissafi da alƙalami

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tara kuɗin jirgi da na rajistar shekarar farko, a ce sauran Allah zai kawo. Allah yana kawowa, amma mai gidan haya a Kasablanka ko Tunis ranar ɗaya ga wata yake ƙwanƙwasa ƙofa.

A ɗauki Faransa, domin alƙalumanta a rubuce suke. Shekaru da dama hukumominta sun riƙa neman ɗalibi ya nuna yana da aƙalla yuro 615 a kowane wata kafin a ba shi biza. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Ke nan kusan jaka 403 a wata, fiye da miliyan 4 da jaka 800 a shekara. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, tun Janairun 2024, jaka 42 ne. Wato abin da ake ɗauka ƙaramin guzurin ɗalibi a can ya kusa albashin leburori goma a nan, kuma a birnin Faris kuɗin ɗaki kaɗai yana iya lashe shi. A kan wannan, tun 2019 aka ɗora wa ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba kuɗin rajista na musamman, wanda ya fara daga yuro 2,770 a lisans da 3,770 a masta, ko da yake jami'o'i da yawa sun yi ta yafe wa ɗalibai wani kaso. Hanyar ma ta ƙara tsawo, domin Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ta kuma rufe ofishin jakadancinta a Janairun 2024.

Masu tallafi ma ba su tsira daga lissafi ba. Shekaru da dama hukumar AMCI ta Maroko ta riƙa ba ɗaliban Afirka alawus na dirhami 750 a wata, abin da bai kai jaka hamsin ba. Ya taimaka, amma ba ya riƙe mutum shi kaɗai idan bai sami ɗaki a gidan ɗalibai ba. Alawus na gida kuwa, duk wanda ya taɓa zama ɗalibi ya san yana da halin damina: yana zuwa, amma ba a sa masa rana. Uban da ɗansa ya sami tallafi ya yi murna, sa'an nan ya ware kuɗin wata uku ya ajiye gefe, domin watannin farko su ne mafi tsada. A cikinsu ake biyan kuɗin ajiya na haya, da katifa, da tukunya, da rigar sanyi, da inshorar lafiya, da kuɗin katin zama, duk kafin alawus na farko ya faɗo.

Dattawan ma'aikata ba su manta da 12 ga Janairun 1994 ba, ranar da aka wayi gari darajar sefa ta ragu da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Iyayen da suke da yara a Turai suka ga nauyinsu ya ninka a dare ɗaya. Irin wannan girgiza tana nan, sai dai yanzu daga wancan gefen ta fi zuwa. Naira ta zube bayan Yunin 2023, fam na Masar ya zube a Maris na 2024, hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 80 cikin ɗari a 2022. Mai riƙe da sefa yakan ga kamar riba ce ta samu, tun da kuɗinsa yana sayen naira ko lira da yawa. Murnar ba ta daɗewa, domin haya da abinci suna bin sawu, kuma makarantu da yawa da dala ko yuro suke yanka wa baƙi kuɗi. A tambaya tun farko: da wane kuɗi ake biya, kuma farashin na shekara ɗaya ne ko na dukan karatun? A nemi amsar a rubuce.

Takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar daga 30 ga Yulin 2023 zuwa 24 ga Fabrairun 2024 ya koyar da wani darasi: kuɗi yana iya kasancewa a hannun uba, hanyar aika shi ta toshe. Ɗalibi ya san hanya biyu ta karɓar kuɗi, ba ɗaya ba. Ƴan kasuwa suna da tasu tsohuwar dabara, a ba wani a Maraɗi, abokin huldarsa ya biya a Istanbul ko Alƙahira. Tana aiki, tana da sauri, amma ba ta barin shaida, kuma ranar sabunta katin zama hukuma takan nemi takardar banki mai nuna inda kuɗin yaro yake fitowa. Kuɗin makaranta dai a biya shi kai tsaye cikin asusun makarantar, a karɓi rasit. Ba rashin yarda da yaro ba ne. Miliyan biyu a hannun ɗan shekara goma sha tara, a garin da ba mai ce masa kul, jarrabawa ce da ba ta cikin manhaja.

Akwai kuma masu cewa ai zai yi aiki ya riƙe kansa. A Faransa doka ta ba ɗalibi baƙo izinin aiki na awa 964 a shekara, wajen awa ashirin a mako. A ƙasashe da yawa na Afirka ta Arewa da Asiya kuwa katin ɗalibi ba ya ba da izinin aiki ko kaɗan, ko sai da wata takarda ta daban. A nan ya kamata a yi wa ƴan kasuwa magana a fili. Yaron da aka tura karatu Gwanzu, Istanbul ko Dubai ba wakilin shago ba ne. Idan kowane mako ana bugo masa waya ya je ya duba kwantena, ya yi cinikin takalma, ya raka baƙon Alhaji masana'anta, to ajin zai sha kashi, kuma hukumar shige da fice tana iya ɗaukar abin a matsayin kasuwanci ba da izini ba.

Takarda ita ce dangin baƙo

Matsalar takardu daga gida take farawa, da suna. Mahamadou a takardar haihuwa, Mahamane a takardar bakaloreya, Mohamed a fasfo: a unguwa mutum ɗaya ne, a gaban kwamfutar jami'a mutum uku ne. Haka Aboubacar da Boubacar, haka sunan uba da ya zo gaba a wata takarda ya koma baya a wata. Ga kuma waɗanda aka yi wa takardar haihuwa a kotu daga baya, aka rubuta an haife su “wajen” shekara kaza, wani ofishi ya sa 1 ga Janairu, wani ya sa 31 ga Disamba. Gyaran irin wannan a Damagaram aikin ƴan kwanaki ne. Daga Mosko ko Rabat aikin watanni ne, wani lokaci ma sai an buga kuskuren a kan digirin kansa, a zo ekibalans a ce ba mai shi ba ne. A shimfiɗa takardun duka a kan tabarma ɗaya, a karanta su harafi bayan harafi, kafin a sayi tikiti.

Kowace takarda a yi mata kwafi da yawa masu hatimin hukuma, a ɗauki hotonta a ajiye a akwatin saƙon intanet, a bar kwafi ɗaya a gida wurin wanda ya iya karatu. Fasfo ya kasance da sauran rai mai tsawo, domin ba kowace ƙasa ce take da ofishin jakadancin Nijar ba. Katin allurar shawara kuwa, tun Yulin 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ake bukata kawai kada katin ya ɓata.

Biza izinin shiga ce, ba izinin zama ba. Wannan bambanci ya jefa yara da yawa cikin wahala. A Faransa dole a tabbatar da bizar dogon zama ta intanet cikin wata uku da isowa. A Maroko wanda zai wuce kwana 90 sai ya nemi katin zama wurin ƴan sanda. A Tunisiya an daɗe ana cin tarar dinari 20 a kan kowane mako da mutum ya ƙara ba da izini ba, tarar tana taruwa shiru, sai ranar komowa gida a tare shi a filin jirgi. Katin zama kuma yakan rataya ne a kan takardar haya ta gaskiya. Ɗakin da aka samu da araha, mai gida ya ce ba sai an rubuta kome ba, shi ne mafi tsada a ƙarshe. Ko a ƙasashen maƙwabta, inda aka saba shiga da katin ɗan ƙasa, ya kamata a riƙa tambaya kafin kowace tafiya, tun da Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO a 29 ga Janairun 2025, kuma ƙa'idojin iyaka abu ne mai sauyawa.

A makon farko ɗalibi ya kai kansa ofishin jakadanci ya yi rajista, ya karɓi kati, ya kuma nemi ƙungiyar ɗaliban Nijar ta garin. Yara sukan raina wannan, suna ganin ɓata lokaci ne. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 yaƙi ya faɗa wa Yukren, dubban ɗaliban Afirka suka kwana cikin ƙanƙara a kan iyakar Folan, wasu ana ture su daga jiragen ƙasa. A Fabrairun 2023, bayan jawabin shugaba Kais Saied a kan baƙin haure, aka yi ta far wa baƙar fata a Tunisiya, ɗalibai masu cikakkun takardu ma suka kulle kansu a ɗaki kwana da kwanaki. Ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, Hartum ta kama da wuta, birnin da ɗaliban Afirka ta Yamma suka daɗe suna nufa saboda Jami'ar Afirka ta Duniya. A irin wannan rana da jerin sunaye ake cika motocin kwashe mutane, kuma jerin daga ofishin jakadanci da ƙungiyar ɗalibai yake fitowa. Wanda ba a san da zamansa ba, ba a neman sa.

Waɗanda suka tsira daga Hartum da Yukren sun gamu da wata asara ta biyu: shekarun da suka yi ba su da shaida, domin takardun makinsu suna cikin ofisoshin da aka rufe ko aka ƙone. Ɗalibin shekara ta huɗu ya koma ta ɗaya a wata ƙasa. Saboda haka a karɓi takardar maki mai hatimi a ƙarshen kowace shekara, kada a jira ƙarshen karatu. Ba sai yaƙi ba ma: yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya ya ci wata takwas a 2022, jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar ta kasance a rufe watanni da dama bayan tarzomar Yunin 2023. Mai takardar maki a hannu yana iya neman wata makaranta. Marar ita sai jira.

Jiki da jaka

Sanyin Maroko, Aljeriya da Turkiyya ba irin hunturun Tawa ba ne, kuma yana kisa ta hanyar da ba a zato. Kowace shekara mutane suna mutuwa a ƙasashen Magrib saboda iskar guba da take fita daga na'urar ɗumama ruwa mai aiki da gas, ko daga gawayi a ɗakin da aka toshe. Iskar ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai ne da jiri, sai barci. Yaron da ya saba ganin kaskon wuta a ɗakin kakarsa bai san cewa ɗakin kaka yana shan iska ta ko'ina ba, na bene kuwa a like yake. Kada a kwana da gawayi, kada a toshe kafar iska ta banɗaki da tsumma.

Zazzaɓin da ya kama ɗalibi a makonnin farko, ko bayan komowa daga hutu, a ɗauke shi na cizon sauro har sai gwaji ya ƙaryata, kuma a faɗa wa likita daga inda aka fito, domin likitan Ankara ko Liyon ba lalle tunaninsa ya je can ba. Mai ciwon sikila ya tafi da takardun likitansa, ya san sanyi yana tayar da ciwon.

Uwaye mata sukan cika jaka da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji, kuma sun yi daidai, domin kewar miya ba ƙaramin abu ba ce. Kilishi da man shanu dai ba sa shiga Tarayyar Turai a jakar matafiyi. Za a ƙwace, ana iya cin tara. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne saƙo. Kunya ta sa ba a iya ce wa maƙwabci a'a idan ya kawo ƙulli a kai wa ɗan'uwansa. A kwance shi a gaban mai shi, in ya ƙi a bar masa abinsa. Ƙwayar taramol da ake sayarwa a bakin tasha tana kai mutum kurkuku a Masar da ƙasashen Larabawa na Gulf, a Saudiyya kuwa fataucin ƙwaya yana kai wa ga takobi.

“Lafiya lau, Baba”

Akwai wani ciwo da ba a faɗa, kuma ya fi sanyi cin ɗalibai. Yaron da aka yi wa walima, aka sayar da shanu dominsa, ya faɗi shekarar farko. Faɗuwar ba abin mamaki ba ce ga wanda ya sauya harshe, abinci, yanayi da salon koyarwa a lokaci guda. Amma ba zai iya buɗe baki ba. Duk ranar Juma'a idan an bugo, amsar ɗaya ce: “Lafiya lau, Baba, karatu sai godiya.” Shekara ta biyu ta bi ta farko, tallafi ya yanke, hukuma ta ƙi sabunta kati, tun da a ƙasa irin Faransa sai an nuna ana karatun da gaske ake sabuntawa. Daga nan ya zama marar takarda, yana ɓuya daga ƴan sanda, yana kuma ɓuya daga gida. Wasu sukan kai shekara biyar a haka, ana ce musu “Dokta” a unguwa.

Laifin ba na yaron kaɗai ba ne. Uban da ya zaɓa wa ɗansa fannin likita don a ce ɗan wane likita ne, alhali makinsa na kimiyya da ƙyar ya haye, shi ya haƙa ramin. Wanda kuma ya ce “kada ka komo mini ba digiri” ya rufe ƙofar da gaskiya za ta shigo. Abin da ya fi amfani shi ne a yi yarjejeniya tun kafin tafiya: kowane zangon karatu za a aiko da hoton takardar maki, mai kyau ko marar kyau, kuma faɗuwa ɗaya ko sauya fanni ba zai jawo fushi ba. Uban da bai yi boko ba ya sami wani malami ko ma'aikaci amintacce ya riƙa karanta masa. Uwa kuma takan ji a murya abin da takarda ba ta nunawa. Idan ta ce yaron nan ba daidai yake ba, a saurare ta. Ga ƴaƴa mata, waɗanda yawansu yake ƙaruwa a cikin masu fita, maganar masauki ce gaba da kome: a san ɗakin, a san abokan zama, a kuma san wani gida na mutunci a garin da za ta iya bugawa ko da tsakar dare.

Shi ma ɗalibin yana da nasa. Zama cikin ƴan gida yana da daɗi, ana dafa shinkafa da wake, ana shan shayi har asuba, amma wanda bai yi aboki ko ɗaya cikin ƴan ƙasar ba zai rasa tsoffin tambayoyin jarrabawa, da labarin wurin koyon aiki, da harshen kansa. Siyasar masu masauki kuma tasu ce. Baƙon da aka kama a zanga-zanga ba a kai shi gaban alƙali sau da yawa, filin jirgi ake kai shi.

Ranar da karatu ya ƙare, kada ɗoki ya sa a hau jirgi da takardar shaidar wucin gadi kaɗai. Jami'o'i da yawa sai bayan watanni suke fitar da digirin asali, wasu kuma ba sa miƙa shi sai ga mai shi ko wanda ya ba wakilci a rubuce. Kafin a bar garin a tattara takardun maki na dukan shekaru da manhajar darussa, a kai su a buga musu hatimin ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje ta ƙasar, da na ofishin jakadancin Nijar. Abin da aka rubuta da Turkanci, Rashanci ko Sinanci a ba mai fassara da hukuma ta rantsar ya mai da shi Faransanci. A rufe asusun banki, a karɓo kuɗin ajiya na haya, a biya bashin ɗakin karatu, domin littafi ɗaya da ba a mayar ba yana iya riƙe digiri a ofis. Hatimin da aka manta a Rabat ko Ankara, daga Yamai sai an sake sayen tikiti.